Mutumin Da Ke Jikin Dala Goma

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar kuɗin Amurka ta dala goma, ya ga hoton wani Bature mai dogon hanci a jikinta. Sunansa Alexander Hamilton. Bai taɓa zama shugaban ƙasa ba, kuma ya kwanta dama tun cikin 1804, watau yau fiye da shekara 220 ke nan. Duk da haka, in gardama ta kaure tsakanin 'yan siyasar Amurka, ko a majalisa ko a gaban alƙalai, sau da yawa sai ka ji an kirawo shi shaida kamar yana nan da ransa. Har yara 'yan makaranta a can sun haddace waƙoƙin da aka yi a kan rayuwarsa.

To, me ya sa mutumin da ya daɗe da zama ƙasa ya hana masu rai sakat? Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. In muka bi labarin mutumin nan ɗaya, za mu ga yadda abubuwan da suka faru lokacin kafa Amurka suke juya siyasarta da wasanninta har gobe. Za mu kuma ga yadda kowane zamani yakan ɗinka wa mutanen dā rigar da ta yi wa shi zamanin daidai.

Maraya Daga Tsibiri

An haifi Hamilton a Nevis, wani ɗan tsibiri cikin tekun Karibiyan da ke hannun Turawan Ingila a lokacin. Masana tarihi sun rabu biyu a kan shekarar, wasu sun ce 1755, wasu 1757. Ba a ɗaura wa iyayensa aure ba, abin da ya zame masa abin gori har ƙarshen ransa. Uban, wani mutumin Sikotilan, ya tafi ya bar su. Uwar kuma zazzaɓi ya kashe ta cikin 1768 a tsibirin St. Croix, inda suka koma da zama. Yaro ya tashi ba uwa ba uba, ya shiga aikin akawu a wani kamfanin fatake, yana lissafin kayan da jiragen ruwa ke saukewa da ɗauka.

Cikin 1772 wata muguwar guguwa ta daki tsibirin. Hamilton ya rubuta wasiƙa yana ba da labarin ɓarnar da ta yi, aka buga ta a jarida. Da manyan gari suka karanta, sai suka ga bai kamata yaro mai irin wannan kai ya ƙare a bayan kanta ba. Suka yi karo-karo suka tura shi karatu, har ya shiga wata kwaleji a birnin Niyok wadda yanzu ake kira Jami'ar Columbia. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Ya iso daidai lokacin da wuta ke shirin kamawa. A wannan zamani babu ƙasar da ake kira Amurka, sai yankuna 13 da ke ƙarƙashin Sarkin Ingila. Majalisar Ingila ta yi ta ɗora musu haraji, alhali kuwa ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. Yaƙi ya ɓarke cikin 1775, ran 4 ga Yuli 1776 kuma suka yi shelar 'yancin kai. Hamilton ya ajiye littafi ya shiga soja. Cikin 1777 babban kwamanda, Janar George Washington, ya ɗauke shi magatakarda, ya yi shekara huɗu yana rubuta masa wasiƙu. A nan ne ya ga sojoji cikin sanyi ba takalma ba albashi, don majalisar haɗin gwiwar yankunan ba ta da ikon karɓar ko anini na haraji, sai dai ta roƙi jihohi, wadda ta ga dama ta bayar. Wannan abu da ya gani da idonsa shi ne tushen ra'ayinsa: gwamnatin da ba ta da ƙarfi ba ta da kuɗi, suna kawai ta tara.

Ƙasa Ɗaya Ko Ƙasashe 13?

Ingila ta sakar musu mara cikin 1783, amma sai aka ga kowace jiha ta kama gabanta, ga bashin yaƙi ya yi katutu. Saboda haka cikin 1787 wakilai 55 suka taru a Filadalfiya don su tsara sabon tsarin mulki. Hamilton ya tashi ya yi jawabi na wajen awa shida, ya kawo shawara a zaɓi shugaba ya zauna iyakar ransa muddin bai yi laifi ba. Mutanen da suka gama yaƙi da sarki jiya-jiya ba su karɓi wannan ba. Aka tsaya a kan shugaba na shekara huɗu, da majalisu biyu, ta dattawa da ta wakilai, da Kotun Ƙoli, kowanne yana taka wa ɗan'uwansa birki. Mutum 39 suka sa hannu ran 17 ga Satumba, Hamilton ne kaɗai daga jihar Niyok.

Ko da yake ba a bi shawararsa ba, shi ya fi kowa wahala wajen tallar sabon tsarin. Shi da James Madison da John Jay suka rubuta maƙaloli 85 da sunan aro, suna bayyana wa jama'a manufar kowane sashe. Hamilton kaɗai ya rubuta 51. Su ne ake kira maƙalolin Federalist. Ka riƙe sunan nan, mai karatu, don za mu sake gamuwa da shi.

Hamilton Da Jefferson

Da Washington ya zama shugaban farko cikin 1789, sai ya naɗa Hamilton ministan kuɗi, ya naɗa Thomas Jefferson ministan harkokin waje. Jefferson mutumin Virginia ne, mai manyan gandaye, shi ne kuma ya tsara takardar shelar 'yancin kai. Burinsa ƙasar manoma, inda kowace jiha ke riƙe da ragamar kanta, gwamnatin tarayya kuma ba ta shiga sharo ba shanu. Hamilton kuwa burinsa ƙasar ciniki da masana'antu da bankuna, mai gwamnati ɗaya ƙaƙƙarfa.

Karon farko a kan bashi aka yi. Hamilton ya ce tarayya ta ɗauki bashin yaƙin da ake bin jihohi, wajen dala miliyan 25, ta haɗa da nata ta biya. Dabararsa ita ce, in attajirai suna bin tarayya kuɗi, ba za su so ta rushe ba. Jihohin kudu da suka riga suka biya yawancin nasu suka ce ba su yarda ba. Cikin 1790 aka sasanta a wurin wata liyafa a gidan Jefferson: a bar wa Hamilton shirinsa, su kuma mutanen kudu a kai babban birnin ƙasa kusa da su, a bakin kogin Potomac. Asalin birnin Washinton ke nan.

Karo na biyu a kan kafa bankin ƙasa ne, cikin 1791. Jefferson ya ce a duba tsarin mulki daga farko har ƙarshe, ba inda aka ambaci banki, saboda haka tarayya ba ta da ikon kafa shi. Hamilton ya ce wanda aka ɗora wa aiki an ba shi iznin neman kayan aikin. Watau kamar yaron da aka aika kasuwa awon hatsi, ba sai an ce masa ya nemi buhu ba. Washington ya bi bayan Hamilton, cikin 1819 kuma Kotun Ƙoli ta ɗauki wannan fassara. Daga wannan saɓani ne jam'iyyu biyu na farko suka tsiro a Amurka, duk da cewa tsarin mulkin bai ambaci jam'iyya ba ko sau ɗaya.

Ajali A Bakin Kogi

Hamilton mutum ne mai kaifin baki, bai iya ganin abu ya yi shiru ba. A zaɓen 1800 Jefferson da wani lauya mai suna Aaron Burr suka yi kunnen doki, kowa ƙuri'a 73 ta wakilan zaɓe. Magana ta koma majalisar wakilai, sai da aka kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin a fid da gwani. Hamilton ya mara wa Jefferson baya, duk da adawar da ke tsakaninsu, don a ganinsa gara mai ra'ayin da ba ka so da wanda ba shi da ra'ayi sai son kai. Burr ya zama mataimakin shugaba, ya kuma ƙullace shi.

Cikin 1804 wata jarida ta buga cewa Hamilton ya ci mutuncin Burr a wurin wata liyafa. Al'adar manyan Turawa a lokacin ita ce, in an taɓa mutuncin mutum sai ya kira abokin gabarsa fito-na-fito da bindiga. Da sanyin safiyar 11 ga Yuli suka haɗu a Weehawken, a bakin kogin Hudson. Harsashin Burr ya sami Hamilton a ciki, kashegari ya cika. Abin tausayi, an harbe babban ɗansa Philip cikin 1801, a irin wannan fito-na-fito. Matarsa Eliza ta yi shekara 50 bayansa tana tattara takardunsa don kada a manta da shi.

Tsohuwar Gardama Cikin Sabuwar Riga

Yanzu sai mu tsallako zuwa zamaninmu, mu ga inda waɗannan abubuwa suka ɓullo.

Na farko, gardamar ikon tarayya da na jihohi. Cikin 2009 wasu Amurkawa da ke ganin gwamnatin Barack Obama ta cika kashe kuɗi suka kafa wata ƙungiya suka raɗa mata suna Tea Party. Sun aro sunan ne daga abin da ya faru a Boston cikin Disamba 1773, lokacin da masu ƙin harajin Ingila suka zubar da akwati 342 na ganyen shayi cikin teku. Wasunsu har hulunan mutanen wancan zamani suke sawa su fito zanga-zanga. Da aka kafa dokar inshorar lafiya cikin 2010, jihohi 26 suka kai ƙara, hujjarsu kuwa irin ta Jefferson ce a kan banki: ina aka rubuta cewa tarayya na da wannan iko? Cikin 2012 Kotun Ƙoli ta bar dokar da rinjayen alƙali 5 a kan 4, bisa ikon da tarayya ke da shi na sa haraji. Abin dariya a nan shi ne, jam'iyyar Democrat wadda ke jingina asalinta da Jefferson, ita ce ta kare ikon tarayya, jam'iyyar Republican kuwa, wadda ba a kafa ba sai 1854, ita ta ɗauki maganar jihohi.

Na biyu, yadda ake zaɓen shugaba. Wakilan Filadalfiya ba su yarda jama'a su zaɓi shugaba kai tsaye ba. Suka tsara cewa kowace jiha ta fid da wakilan zaɓe gwargwadon yawan 'yan majalisunta, su kuma su zaɓi shugaba. Hamilton ya yabi tsarin a maƙala ta 68, ya ce zai hana wanda bai cancanta ba hawa kujera. Yau wakilan nan 538 ne, sai mutum ya sami 270 zai ci. A jihohi 48, wanda ya fi ƙuri'a ko da ɗaya ce yakan kwashe wakilan jihar duka. Shi ya sa mutum kan iya fin abokin takararsa ƙuri'un jama'a kuma ya faɗi. Haka ta faru sau 5: cikin 1824, da 1876, da 1888, da 2000, da 2016. A 2000 Al Gore ya fi George Bush da ƙuri'a fiye da rabin miliyan, amma ƙuri'a 537 a jihar Fulorida suka ba Bush mulki. A 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump da kusan miliyan 3, amma ya sami wakilai 304, ita 227. A wannan karon har wasu wakilan zaɓe suka kira kansu da sunan Hamilton, suka roƙi 'yan'uwansu su juya wa Trump baya bisa hujjar maƙala ta 68. Biyu kacal daga cikin na Trump suka sauya.

Na uku, iyakar ikon shugaba. Cikin Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsohon shugaba yana da kariya daga tuhuma a kan ayyukan da ya yi bisa muƙaminsa. Alƙalai 6 masu rinjaye suka kafa hujja da maƙala ta 70, inda Hamilton ya nuna dole shugaba ya zama mai kuzari, ba mai ɗari-ɗari ba. Ukun da suka ƙi yarda suka jawo maƙala ta 69, inda shi dai Hamilton ɗin ya nuna bambancin shugaba da sarki, cewa shugaba ana iya gurfanar da shi gaban shari'a. Ka ji, shaida ɗaya, mai ƙara da wanda ake ƙara kowa ya ce nasa ne.

Daga Kabari Zuwa Dandali

Duk da wannan, shekaru kaɗan da suka wuce talakan Amurka bai san komai game da Hamilton ba in ban da hoton dala goma da labarin harbinsa. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Wani saurayi marubucin wasan kwaikwayo, Lin-Manuel Miranda, wanda asalin iyayensa tsibirin Puerto Rico ne, ya karanta littafin tarihin Hamilton da Ron Chernow ya wallafa cikin 2004. Sai ya ga ai wannan labarin baƙo ne da ya zo ba shi da kowa, ya ɗaukaka da kaifin harshe da alƙalami, daidai irin labarin da mawaƙan gambarar zamani, watau rap, suke bayarwa game da kansu. Cikin 2009 ya rera waƙar farko a fadar shugaban ƙasa gaban Obama, mutane suna dariya don sun ɗauka raha ce.

Da aka fara nuna wasan a Niyok cikin 2015, sai samun tikiti ya zama aiki. Abin da ya fi jan hankali shi ne, baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka su ne suka fito a matsayin Washington da Jefferson da Burr, kuma gardamar bashi an mai da ita gasar gambara tsakanin ministoci biyu. Cikin 2016 wasan ya ci lambobin yabo na Tony guda 11, da kuma lambar Pulitzer. Cikin 2020 kamfanin Disney ya sa hotonsa a intanet, duniya ta gani.

Nan da nan wasa ya shiga siyasa. Cikin 2015 ma'aikatar kuɗi ta ba da sanarwar za ta sa hoton mace a dala goma. Jama'a suka yi ca, masoyan wasan na cikinsu. Cikin Afrilu 2016 aka sauya shawara: Hamilton ya zauna inda yake, a sa Harriet Tubman, baiwar da ta tsere ta kuma fid da wasu bayi, a fuskar dala ashirin maimakon shugaba Andrew Jackson. Daga baya, cikin 2019, aka ɗage wannan aiki. Haka kuma cikin Nuwamba 2016, da zaɓaɓɓen mataimakin shugaba Mike Pence ya je kallo, ɗaya daga cikin 'yan wasan ya karanta masa saƙo daga kan dandali, yana roƙon sabuwar gwamnati ta riƙe kowane jinsi da adalci. Trump ya ce sai su nemi gafara.

Abin Da Wasan Ya Tsallake

Mai wasa ba malamin tarihi ba ne, abin da zai yi daɗin kallo yake nema. Wasan ya nuna Hamilton gwarzon baƙi 'yan ci-rani, alhali cikin 1802 ya rubuta yana sukar saurin ba baƙi 'yancin zama 'yan ƙasa. Ya nuna shi mai ƙin bauta, kuma gaskiya ne yana cikin ƙungiyar neman 'yanta bayi da aka kafa a Niyok cikin 1785. Amma surukansa masu bayi ne, takardun lissafinsa kuma sun nuna ya taɓa yi musu cinikin bayi.

Wannan ita ce babbar kunyar zamanin duka. A ƙidayar farko ta 1790, mutanen Amurka kusan miliyan 4 ne, kusan 700,000 daga cikinsu bayi ne 'yan asalin Afirka. Jefferson, wanda ya rubuta cewa an halicci mutane daidai wa daida, ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa. A Filadalfiya an shirya cewa wajen rabon kujerun majalisa a lissafta bayi 5 a matsayin mutum 3. Bawa ba ya zaɓe, amma yawansa ya ƙara wa ubangijinsa kujeru da wakilan zaɓe. Ba a soke bauta ba sai 1865, bayan yaƙin basasa na shekara huɗu. Saboda haka wasu masana baƙaƙen fata suka soki wasan, suka ce an sa jikokin bayi suna yi wa iyayengijin kakanninsu kirari, su kuwa bayin ba a ba su baki ba. Masu kare shi suka ce a'a, hanya ce ta nuna cewa tarihin ƙasar na kowa ne.

Abin Lura

Kada mai karatu ya ce ina ruwanmu da wannan. Tsarin mulkin Nijeriya na 1979 ya bar salon Ingila na firayim minista, ya ɗauki salon Amurka na shugaba mai cikakken iko da majalisar dattawa da ta wakilai, na 1999 ma haka ya bi. Ba a ɗauko wakilan zaɓe ba, aka ce sai ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Tun a zaɓen farko sai da Kotun Ƙoli ta zauna a kan ko nawa ne kashi biyu cikin uku na jihohi 19, kafin a rantsar da Alhaji Shehu Shagari. Ashe 'yan kalmomin da mutane kaɗan suka rubuta cikin ɗaki suna iya yanke wa miliyoyi hukunci.

Waiwaye adon tafiya ne, amma sai mai waiwayen ya buɗe ido sosai. Mutanen da suka kafa Amurka ba bakinsu ɗaya ba, faɗa suka yi ta yi har da harbi. Saboda haka duk ranar da ka ji ɗan siyasa, ko mawaƙi, ko mai shirya sinima ya ce magabata sun ce kaza, ko a Amurka ko a gida, kada ka yi saurin gyaɗa kai. Tambaye shi: wane ne daga cikinsu ya faɗa, a wace shekara, da wa yake gardama, kuma me abokin gardamar tasa ya ce? In ya iya amsawa, saurare shi. In ya kama inda-inda, ka san rigar aro ce ya yafa wa mamaci.